Daminar Arewa Daga Teku Take Tasowa

Manomin Kiéché da ke shukar hatsi a jigawar Dallol Mawri bai taɓa ganin teku ba, amma cikar rumbunsa na rataye da ita. Iskar bazara da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, a tekun Atilantika take ɗebo danshin da ke zama hadari a kan Dogon Dutsi da Tibiri. Shekarar da ruwan gaɓar Gini ya yi ɗumi fiye da kima, hadari kan maƙale a kudu, Arewa ta kwana da ƙishi. An daɗe ana ɗora laifin farin 1973 da na 1984 a kan sarar itace da kiwo, sai a 2003 binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta ya nuna cewa sauyin ɗumin tekuna ne babban musabbabi.

Saboda haka awon teku aikin noma ne. Tun 1997 Birazil da Faransa da Amurka suka kafa na'urori masu yawo bisa ruwan Atilantika a shirin PIRATA, suna auna zafi da iska dare da rana. Wasu kusan 4,000 na shirin Argo kan nutse mita 2,000 duk kwana 10 su aiko da rahoto. Da irin waɗannan alƙaluma cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, take fitar da hasashen damina kafin ruwan fari: da wuri za ta sauka ko a makare, kuma ko za a yi dogon tsaiko a tsakiya.

Wani zai ce ruwa na Allah ne. Haka yake, kuma mai awon bai ce shi ke saukar da shi ba. Kakanninmu ma sun karanci iska da zuwan shamuwa, ba su saɓa wa tawakkali ba. Wani zai ce hasashe kan ƙi ci. Gaskiya ne, domin rinjaye yake nunawa a yanki, ba ya faɗin abin da zai sauka a gonar mutum ɗaya. Amma wanda ya ji damina za ta makara, ya ƙi zuba irinsa duka a binne, ya tanadi iri mai saurin nuna, ko hasashen ya kuskure asararsa kaɗan ce. Wanda ya toshe kunne kuwa yakan sake shuka sau biyu har uku da hatsin da iyali za su ci. Kafin a ɗauki sungumi bana, a saurari sanarwar ma'aikatan noma a rediyo.