Ƙofar hanji a fatar ciki: raɗaɗin da kunya ke ɓoyewa

A cikin ayyukan tiyata da ake yi a manyan asibitocinmu akwai wanda ba kasafai ake jin labarinsa a zaure ko majalisa ba, duk da ɗimbin rayukan da ya ceta. Shi ne aikin da likita ke fito da bakin hanji ta fatar ciki ya ɗinke shi a nan, domin ba-haya ya riƙa fita ta wannan sabuwar ƙofa zuwa cikin jakar da ake mannawa a jiki. Likitoci na kiran ƙofar sitoma, kalmar da aka aro daga Girkanci, ma'anarta baki. Akan yi wa wanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, da mai sankarar hanji, da wanda harsashi ko hatsarin mota ya yi wa rauni a ciki, da kuma jaririn da aka haifa ba tare da dubura ba. Wani na ɗan lokaci ne a mayar, wani kuwa na har abada.

Sau da yawa aikin yakan yi kyau, a sallami majiyyaci, dangi su yi ta barka. Bayan mako ɗaya ko biyu sai fatar da ke kewaye da ƙofar ta yi ja, ta saɓule, ta riƙa tsattsafo da ruwa tana raɗaɗi kamar an zuba barkono. Jaka ta ƙi mannuwa, barci ya ƙaurace, mutum ya daina shiga jama'a. Abin takaicin shi ne mafi yawan wannan azaba ana iya kauce mata, kuma abin da ake buƙata bai wuce sani da kayan aiki 'yan kaɗan ba.

Matsalar ta fara ne tun daga harshe. Hausa ba ta riga ta tsayar da suna ɗaya ga wannan ƙofa ba, ga kuma kunya da ta sa ko ba-hayan kansa sai da sakaya muke ambatonsa. Majiyyaci kan ce wa likita "wurin nan yana damuna", likita ya amsa da rabin Hausa rabin Turanci, a rabu ba a fahimci juna ba. Alhali kuwa bambancin ƙuna da ƙaiƙayi, ko saɓulewa da ƙuraje, shi ke nuna musabbabin ciwon. Don haka a wannan rubutu zan kira sitoma ƙofar hanji, abin da ke kama fata kuma faifan manne, sai jakar da ke tare abin da ya fito.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke cin fatar. Abin da ke fitowa daga ƙaramin hanji ruwa-ruwa ne, cike da sinadaran da Allah Ya halitta don narkar da abinci, kuma ba su bambance naman miya da fatar mutum ba. Idan suka samu kafa suka kwanta a ƙarƙashin faifan, cikin sa'o'i kaɗan sun fara cin saman fata. Fatar da ta jiƙe ba ta riƙe manne, rashin riƙewar ya ƙara yoyo, yoyon ya ƙara cin fata. Wanda aka buɗe wa ƙofar a ƙarshen babban hanji ya fi samun sauƙi, domin ba-hayansa ya fi kauri, sai dai shi ma bai tsira ba.

Turawa ma sun daɗe suna fama kafin su kai ga mafita. A 1952 likita Bryan Brooke na Ingila ya fito da dabarar naɗe bakin hanji ya ɗan turo waje kamar bakin buta, don ruwan ya zuba cikin jaka kai-tsaye. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙago jaka mai manne da ake yarwa bayan amfani, saboda tausayin 'yar uwarta da aka yi wa irin wannan aiki. A 1958 kuma Norma Gill, wadda ita kanta take ɗauke da ƙofar hanji, ta fara aiki da likita Rupert Turnbull a birnin Cleveland na Amurka, inda kula da masu wannan lalura ya zama fanni mai zaman kansa. Biyu daga cikin mutanen nan sun san ciwon ne daga cikin gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matakin farko na gyara shi ne awo. Sabuwar ƙofa a kumbure take, kuma takan yi ta saɓewa har tsawon mako 6 zuwa 8. Ramin da aka yanka wa faifan a asibiti zai yi mata yawa bayan kwana goma, ya bar zoben fata a fili. Saboda haka a riƙa auna ƙofar duk lokacin canji, a yanka ramin ya fi ta da milimita 2 zuwa 3 kacal. In ya yi faɗi fata ta ƙone, in ya matse ya yanki hanjin, wanda ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi.

Na biyu shi ne cirewa da wankewa. Ba a fizge faifan kamar filasta; ana danna fata da yatsa ɗaya, a ɗaga shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. A wanke da ruwa mai ɗumi da tattausan ƙyalle, a bar wurin ya bushe sarai. Sabulu mai maiƙo ko ƙamshi, da basilin, da man kaɗanya, duk suna hana manne kamawa. Magungunan wanke ciwo masu zafi kuwa ƙara ƙona ɗanyar fata suke yi, haka nan toka ko garin magani na gargajiya. Ɗan jinin da ke fitowa daga ƙofar idan an shafe ta ba abin tsoro ba ne muddin ya tsaya da kansa. Mai gashi a ciki ya rage shi da almakashi, don kada manne ya riƙa tuge shi har ƙuraje su fito.

Idan fatar ta riga ta saɓule tana ruwa, akwai hoda ta musamman da ake sayarwa tare da jakunkunan. Ana barbaɗa ta a kan ɗanyen wurin kaɗai, a kakkaɓe ragowar, a ɗiga ruwan kariya marar zafi a kai ya bushe, sai ya zama ɓawon da faifan zai iya kamawa. Hodar jarirai ba ta maye gurbinta. Inda fata ke da lotsawa ko tabo, ana cike gurbin da zoben manne mai laushi. A zubar da jaka idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, domin nauyi na ɓanɓare faifai. A canza faifan duk kwana 3 zuwa 4, da sassafe kafin karin kumallo, lokacin da hanji ya fi natsuwa. Amma da zarar an ji ƙuna ko ƙaiƙayi a ƙarƙashinsa, a cire nan take. Lafta filasta a gefen da ke yoyo kulle gubar ne a kan fata.

Ba kowane ja ne ƙunar ba-haya ba. A watannin zafi, gumi kan taru a ƙarƙashin faifan, ƙwayar cuta dangin masu haddasa makero ta tsiro, a ga ja mai ƙaiƙayi da ƙananan ɗige-ɗige a gefensa. Maganinsa hoda ce da likita zai rubuta, domin na shafawa zai hana manne. Idan kuwa jan ya bi siffar faifan daidai, to jikin ne bai karɓi irin wannan manne ba, sai a sauya wani.

Dole a faɗi gaskiya, jakunkunan nan daga waje ake shigo da su, kuma talaka ba ya iya saye kullum. Iyaye mata da yawa tsumma ko kunzugun jarirai suke ɗaura wa 'ya'yansu. A wannan hali hukuncin ya juya: tunda babu mannen da za a lalata, sai a lafta man zinki mai kauri a kewayen ƙofar bayan kowace wanka, a kuma canza ƙyallen da zarar ya ɓaci.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Lafiyayyar ƙofa ja ce mai danshi kamar cikin baki. Idan ta yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, ko ɗinkinta ya rabu da fata, ko aka ga ruɓa da zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko gyambo mai zurfi da tsananin ciwo, a garzaya asibiti. Haka nan idan ruwan da ke fita ya yi yawa har fitsari ya ragu, jiri ya kama, a fara shan ruwan gishiri da sukari a kan hanya.

Batun ibada ma ya shafi fata. Wasu bayin Allah kan cire faifan a kowace salla don tsoron najasa, su ɗaye fatarsu sau biyar a yini. A mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, kuma malaman zamani da dama sun sanya mai ƙofar hanji cikin masu uzuri. Ya kamata malamanmu su bayyana wannan a wuraren karatu, ba sai mai lalura ya cije ya tambaya ba.

Ga asibitocin koyarwa, tun ran gini ran zane: a zana wurin da ƙofar za ta zauna kafin aiki idan hali ya yi, nesa da cibiya da lanƙwasar ciki da maɗaurin wando. A horar da ma'aikatan jinya na musamman, kada a sallami kowa sai ya canza jaka da hannunsa. Hukumomin inshorar lafiya su sanya waɗannan kaya cikin abin da suke biya, masu hali su tuna da su a zakka da sadaka. Mu kuma na sassan nazarin harsuna mu zauna da likitoci mu tsayar da kalmomi, a buga bayani da boko da ajami, a karanta a rediyo. Majiyyacin da ya san sunan abin da ke damunsa ya fi kusa da samun magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.