Bakteriyar Da Ke Gadin Saiwar Alkama

Manoman alkama a jihar Washington ta Amurka sun daɗe suna ganin wani abin mamaki. Akwai cutar fungas mai suna take-all, wadda ke ruɓar da saiwar alkama ta mayar da ita baƙa, zangarniya ta bushe babu ƙwaya. Idan aka ci gaba da shuka alkama a gona ɗaya duk shekara, cutar kan yi tsanani, sai kuma bayan wasu shekaru ta lafa da kanta, ba a zuba ko ɗigon magani ba.

Masu bincike sun lura cewa idan aka gasa ƙasar irin wannan gona, kariyar takan ɓace. Idan kuma aka ɗebi kaɗan aka gauraya da wata ƙasa, kariyar takan bi ta. Ke nan wani abu mai rai ne ke aikin. Daga bisani aka gano bakteriya ce mai suna Pseudomonas. Tana taruwa a jikin saiwa, tana cin abin da saiwar ke tsatsowa, ita kuma tana fitar da sinadarin da ke hana fungas girma.

A shekarar 1988, Linda Thomashow da David Weller, masu bincike a garin Pullman, sun yi irin abin da mai rubuta manhaja ke yi idan yana neman layin da ke da alhakin wani aiki: suka kashe ƙwayar halittar da ke sa bakteriyar ta samar da sinadarin phenazine. Nan take kariyar ta ragu sosai. Da suka mayar da ita, sai kariyar ta dawo.

Yanzu wannan ilimi ya shiga kasuwa. Maganin Serenade, alal misali, bakteriyar Bacillus ce da aka samo daga ƙasar wani lambu a Kalifoniya. Sinadaranta suna huda fatar ƙwayar fungas. Kamfanin Bayer ya sayi AgraQuest, wanda ya ƙirƙiro shi, a 2012.

Sai dai akwai sharaɗi. Rigakafi ne, ba ya ceto shukar da cuta ta riga ta cinye. Kuma da yake halitta ce mai rai, zafi, fari da yanayin ƙasa suna iya rage mata ƙarfi. Saboda haka abin da ya yi aiki a wata gona, sai an gwada shi a wata kafin manomi ya dogara da shi.