Kwarin Mosel: Inda Tudu da Sanyi Ke Yanke Farashin Inabi

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Mosel daga birnin Trier zuwa Koblenz a ƙasar Jamus, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne gonakin inabi da ke maƙale a jikin tuddai. A kusa da ƙauyen Bremm akwai gonar Calmont, wadda gangarenta ya kai digiri 65, tana cikin mafi tsayuwa a Turai. Tun zamanin Rumawa ake wannan noma a nan.

Yankin yana can arewa, inda zafin rana bai cika isar inabi ya nuna ba. Dabarar manoman ita ce dasa kurangar a gangaren da ke fuskantar kudu. Baƙin falalen dutsen da ya rufe ƙasar yakan sha zafi da rana, ya sake shi da dare. Irin da ake kira Riesling, mai jure sanyi, shi ya mamaye fiye da rabin gonakin, kuma giya ake matsa da kusan dukkan amfanin.

Sai dai tudun da ya ba inabin daraja shi ne kuma ya tsawwala kuɗin nomansa. Tarakta ba ta hawa gonaki masu tsananin gangare, saboda haka sassabe da tsinka duk da hannu ake yi, yawanci da 'yan ƙodago daga gabashin Turai. Wannan ya sa manoma da dama suka saki gonakinsu. Faɗin gonakin ya ragu daga kadada sama da 12,000 a wajejen 1990 zuwa ƙasa da 9,000. A watan Afrilun 2024 kuma, sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone tohon kurangar, amfanin shekarar ya faɗi ƙwarai.

Waɗanda suka tsira sun bi hanya biyu. Ƙananan manoma sun haɗa kai a ƙungiyoyin gama-kai, kamar Moselland da ke Bernkastel-Kues, domin rage kuɗin sarrafawa da sayarwa. Manyan gidaje kuwa sunan gonarsu suke sayarwa. A gwanjon Trier na 2015, an sayi kwalba ɗaya ta gidan Egon Müller a kan Yuro 12,000.

Darasin bai tsaya ga inabi ba. Manomin da kuɗin aikinsa ya fi na abokan takararsa ba zai ci kasuwa da arha ba. Ko dai ya haɗa ƙarfi da maƙwabtansa, ko ya yi sunan da mai saye zai yarda ya biya.