Ƙwaƙwalwa Unguwa-Unguwa Ce: Mu San Ta Kafin Ranar Buƙata



A wannan fitowa za mu yi bayani a kan ƙwaƙwalwa, saboda wata tambaya da ke yawan zuwa mana a kantin magani: me ya sa dattijo zai kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, alhali babu rauni a bakin ko a hannun? Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce sammu ne, Larabawa maƙwabtanmu kuma su ce jalɗa. Gaskiyar magana, hannun lafiyarsa lau, bakin ma haka. Ciwon yana can cikin ƙoƙon kai, a wurin da ke ba su umarni. Wanda ya san yadda aka raba aiki a cikin ƙwaƙwalwa zai gane alamar da wuri, kuma a wannan ciwo saurin ganewa shi ne rabin magani.

Ƙwayar jijiya da yadda take kai saƙo

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Amma ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Kuma ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata na suga da iskar oksijin, shi take ci nan take. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ma'aikatan da ke cikinta su ne ƙwayoyin jijiya, waɗanda likitoci ke kira niyuron. Yawansu ya kai kusan biliyan 86, bisa ƙidayar da wata masaniya 'yar Burazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka fitar a 2009. Kowace ƙwaya tana da jiki, tana da rassa kamar na bishiya masu karɓar saƙo, sannan tana da doguwar jela guda ɗaya mai kai saƙon gaba. Wata jelar takan kai mita guda, kamar wadda ta taso daga ƙasan laka har babban yatsan ƙafa. Saƙon kansa ɗan lantarki ne. Jelar da aka naɗe da kitse, kamar yadda roba ke rufe wayar wuta, saƙo yakan yi gudun mita 100 a cikinta a daƙiƙa ɗaya.

Ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara tsakanin jelar wannan da reshen waccan. Wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, shi ne ya tsaya a kan cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kuma ya sami kyautar Nobel a 1906. Idan lantarki ya iso bakin tazarar, sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, shi ne zai tsallaka ya isar da saƙon. A wannan 'yar tazara yawancin magungunan barci da na damuwa suke aiki, kuma a nan tiramadol da kaftagon suke yi wa matasa ɓarna. Farfaɗiya kuwa lantarkin ne yake ɓarkewa a ƙwayoyi masu yawa lokaci guda. Ba a ɗaukar ta ta yawu, kuma tana da magani, sai dai hatsari ne mai shan maganin ya daina shi kwatsam ba da sanin likita ba.

Unguwanni huɗu

Saman ƙwaƙwalwa yana da ɓawo mai kaurin milimita 2 zuwa 4, a nannaɗe kamar rawani don ya sami wuri a cikin ƙoƙon kai. A wannan ɓawo ake tunani, ake magana, ake gane abin da ido da kunne suka kawo. Ƙwaƙwalwar ta rabu biyu, dama da hagu, kuma wayoyinta sun gitta juna: ɓangaren hagu ne ke juya dama ta jiki, na dama kuma ke juya hagu. Kowane ɓangare yana da unguwanni huɗu. Don mu gan su a bakin aiki, mu bi dattijo daga gida zuwa Harami don sallar asuba.

Ya ji kiran salla. Wannan aikin unguwar gefen kai ce, daidai saitin kunne. Ita ke karɓar sauti, kuma a ɓangaren hagu, ga yawancin mutane, ita ke fahimtar ma'anar kalmomi. A 1874 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya nuna cewa idan wurin ya lalace, mutum zai riƙa zuba magana ba gargada amma ba ma'ana, kuma ba zai gane abin da ake gaya masa ba. A can cikin wannan unguwa akwai ma'ajiyar da ke ɗaure sabon abu ya zama tunawa, kuma tana cikin wuraren da cutar mantuwa ta tsufa ke fara ci. Shi ya sa za ku ga tsohuwa tana ba da labarin yadda iyayenta suka taso daga Kano, suka ratsa Cadi da Sudan, suka tsallaka teku zuwa Jidda, ba ta ɓatar da zango ko ɗaya ba, amma ta manta ta ci abincin rana. Wata ma Larabcin da ta koya da girma yakan zube, ta koma Hausa zalla. Ba rainin hankali take yi ba.

Ya yi niyya, ya tashi, ya yi alwala bisa jeri. Wannan unguwar goshi ce, wadda ta fi kowace girma. Ita ke tsara aiki, ita ke yanke shawara, ita ke riƙe mutum kada ya faɗi abin kunya. A 1848, a Amurka, wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, sandar ƙarfe ta huda masa kai ta wannan wuri. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma waɗanda suka san shi suka ce halinsa ya sauya. A bayan unguwar goshi akwai wani siririn layi da ke motsa gaɓoɓi, kowace gaɓa da gurbinta. Likita Wilder Penfield na birnin Montreal a Kanada ya zana taswirarsa, ya ga hannu da leɓe da harshe sun fi gangar jiki samun fili. Kusa da nan, a hagu, akwai wurin da ke ƙera magana. A 1861, a Paris, Paul Broca ya duba wani majinyaci da ke gane abin da ake ce masa, amma bakinsa ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba, aka tarar da tabon a wannan wuri.

Ya cire takalmi, ya ji sanyin daɓe a tafin ƙafa, ya san inda zai tsaya a sahu ba tare da ya ture na kusa da shi ba. Wannan unguwar tsakar ka ce. Ita ke karɓar taɓi da zafi da sanyi, ita ke sanin inda gaɓoɓi suke. Idan ta dama ta sami matsala, mutum yakan manta da hagunsa ɗungum: a ajiye masa faranti, ya cinye rabin dama ya bar na hagu, yana ganin ya gama.

Ya ɗaga kai ya hango koriyar ƙubba. Ido ya ɗauki haske, amma unguwar ƙeya ce ta mayar da shi hoto. Shi ya sa wanda ya bugu a ƙeya yake ganin walƙiya. Kusan shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani ba a ido yake ƙarewa ba, sai ya isa ƙwaƙwalwa.

A ƙarƙashin ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita jiki a ruku'u da sujada. Sai kututturen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, wanda ke kula da numfashi da bugun zuciya da haɗiya.

Idan jini ya yanke

Kowace unguwa tana da jijiyar jinin da ke ciyar da ita. Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jijiyar ta toshe da gudan jini, wanda shi ne kusan kashi 85 cikin 100, ko kuma ta fashe. Tun da ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, ƙwayoyin wurin sukan fara mutuwa cikin 'yan mintuna. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ana asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Alamar da za a gani kuwa tana nuna unguwar da abin ya shafa. Hannun dama ya saki, magana ta sarƙe: ɓangaren hagu ne. Rabin gani ya ɗauke: wataƙila ƙeya ce. Jiri da tangaɗi kwatsam: ƙaramar ƙwaƙwalwa ko kututture.

Gwajin gida abu uku ne. A ce ya yi murmushi, a duba ko gefe ɗaya ya zube. A ce ya ɗaga hannu biyu, a duba ko ɗaya yana saukowa. A ce ya maimaita gajeruwar magana. In ko ɗaya ya gaza, a kira motar Hilal Ahmar a 997 nan take, a kuma riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Allurar da ke narkar da gudan jini galibi ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamar, kuma sai an ɗauki hoton kai tukuna. Ma'aikatan motar sun san asibitin da ke da na'urar, don haka kada a ɓata lokaci a mustausaf na unguwa. Tunanin kuɗi ko takardu kada ya riga kiran.

Kafin motar ta iso, kada a ba shi asfirin, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a ƙara masa ƙwayar hawan jini. Kada a ɗura masa komai a baki, ko da zamzam ne ko rubutu, domin haɗiya takan lalace, ruwan ya bi ta huhu. In hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi ta gefe. In mai ciwon suga ne kuma akwai na'ura a gida, a auna, domin faɗuwar suga takan kwaikwayi wannan ciwo. A tattara magungunansa a leda a tafi da su. Addu'a kuwa a yi ta a gida, a yi ta a mota, ba ta hana tafiya asibiti.

Wani lokaci alamar takan zo ta wuce cikin 'yan mintuna, sai a ce ai ya warware. Wannan gargaɗi ne, kuma babbar takan biyo baya cikin 'yan kwanaki. A je asibiti a ranar.

Hawan jini shi ne babban mai jawo wannan ciwo, sai suga da taba da rikicewar bugun zuciya. Maganin hawan jini ba a shan sa sai ranar da kai ya yi ciwo, kullum ake sha. Mai azumi ya tambayi likita yadda zai gyara lokutan shan, kada ya ajiye shi. Mai neman shawara zai iya kiran Ma'aikatar Lafiya a 937. Wanda abin ya riga ya same shi kuma kada a yanke masa ƙauna: ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙulla sababbin hanyoyi, musamman a watannin farko, in an dage da gashi da motsa gaɓoɓi da jan shi da hira.

Muna roƙon matasa su karanta wa iyayenmu wannan shafi, su kuma rubuta 997 a inda kowa zai gani a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana kiyayewa, amin.