Yadda Ake Tsara Filin Wasa Mai Kyau a Gari

Ya kai mai karatu, idan kaka ta yi, aka gama girbin hatsi da haƙon aya, samarin Cadawa da ƙauyukan kewaye sukan koma ga kokowa da langa da ƙwallo. To, a ina suke yin wasan? Sau da yawa a gonar wani ne, ko a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Agye. Idan damina ta faɗi, mai gona ya shuka abinsa. A bakin hanya kuwa, motoci ba su san yaro ba. Saboda haka gari yana bukatar fili nasa na kansa, wanda aka tsara da hankali.

Me ya sa abin yake da muhimmanci?

Kokowa ba ƙaramin abu ba ce a Nijar. An fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975. Wanda ya fara ɗaukar takobin shi ne Yakuba Ango Kantu, ɗan jihar Maraɗi, kuma babban filin kokowa na birnin Maraɗi yana ɗauke da sunansa. Kowace jiha daga cikin jihohi 8 tana aika 'yan kokowa 10. Dukansu a dandalin gari suka fara. Da yayyafi kogi kan cika.

Zaɓen wuri

1. A nemi wuri mai shimfiɗa, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa da damina.
2. Ya yi nisa da hanyar mota, da rijiya, da burtalin dabbobi.
3. Kada ya yi nisa da gidaje ƙwarai, domin yara da tsofaffi su iya zuwa da ƙafa.
4. A sami takarda. Tun shekarar 1993 Nijar take da dokar filayen karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. A je da mai gari da shaidu, a rubuta iyakokin filin. Filin da ba shi da takarda, wata rana za ka tarar an yanka shi an yi gini.

Da'irar kokowa

A kafa turke a tsakiya, a ɗaura masa igiya mai tsawon mita 10. Mutum ɗaya ya riƙe bakin igiyar ya zagaya, yana jan layi a ƙasa. Za a sami da'ira mai faɗin mita 20. A tsince tsakuwa da fasassun kwalabe, a cire tsidau da ƙarangiya tun daga saiwa. A zuba yashi mai laushi, a kewaye da buhunan yashi. Kada a yi iyaka da duwatsu ko bulo, domin wanda aka kayar yana iya faɗawa a kansu. A bar taki biyar ko shida tsakanin buhunan da 'yan kallo. A ware wurin makaɗa, da wurin mata da yara.

Filin ƙwallo

Dokar ƙwallon ƙafa ta yarda da tsawo daga mita 90 zuwa 120, faɗi kuma daga mita 45 zuwa 90. A sa raga ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Dalili shi ne, da la'asar ake wasa. Idan ragogin suna gabas da yamma, rana za ta riƙa dukan idon mai tsaron gida ɗaya.

Kada a sare itatuwa duka

A Amurka akwai wani wasa da ake jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Ana kafa kwanduna 9 ko 18 a cikin lambun shaƙatawa. Wanda ya gama su da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani mutum mai suna Ed Headrick ne ya tsara filin farko na dindindin a jihar Kalifoniya a shekarar 1975. Masu tsara irin wannan fili suna barin itatuwa a tsaye, domin kauce musu shi ne gwanintar wasan. Kuma suna kula kada jifa ya ratsa hanyar masu wucewa.

Darasi biyu ke nan gare mu. Na ɗaya, a tsara wasa yadda ƙwallo ba za ta nufi hanya ko gidaje ba. Na biyu, itace abokin fili ne. Manoman yankin Agye, musamman na Ɗan Saga, sun yi suna wajen renon itatuwan da suka tsiro da kansu a gonaki. A yi haka a gefen fili. Gawo yana da ganye da rani, lokacin da ake neman inuwa, amma yana da ƙaya, don haka a bar shi nesa da da'irar kokowa. A dasa jerin dogon yaro a gabas da arewa, ya tare iskar hunturu da ƙura.

Kula da fili

A kafa kwamiti na mutum biyar ko bakwai, da mata a cikinsa. Su share fili kafin kowane wasa, su ƙara yashi bayan damina, su ajiye randar ruwan sha. A rubuta kuɗin da aka tara da wanda aka kashe a littafi. Kai da ka koyi karatu da lissafi, wannan aikinka ne.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A ina yaran garinku suke wasa yanzu? Wane haɗari ke wurin?
2. Filin yana da takarda? Wa ya kamata a fara tuntuɓa?
3. Auna faɗin dandalinku da igiya, ka rubuta adadin a littafinka.