Dokin Sin da Gaggafar Liyari

Tun 1981, shekarar zakara, ƙasar Sin take buga tsabar kuɗi ta zinariya da azurfa mai ɗauke da dabbar shekara. Dabbobi 12 ne ke karɓa-karɓa: 2025 ta maciji ce, 2026 ta doki. A al'adar Sinawa doki alamar kuzari ne da nasara, sa na nuna juriya, alade kuwa wadata. Da kasuwa ta buɗe sai Ostireliya ta shiga a 1996, Ingila ta bi sahu a 2014.

Abin da ya bunƙasa cinikin a fili yake. Ana ba da tsabar kyauta a sabuwar shekara da ranar haihuwa, ba a buga ta da yawa, kuma wanda ya mallaki ɗaya hankalinsa ba ya kwanciya sai ya haɗa 12. Sai farashi ya zarce nauyin azurfar, masu jabu kuma suka sami ƙofa, suna shafa wa tagulla ruwan azurfa.

Mu ma mun taɓa riƙe azurfa mai hoton dabba. Liyari, wato dalar Mariya Tereza ta Ostiriya, tana ɗauke da gaggafa mai kai biyu a bayanta. Fatake suka kawo ta ta hanyar Tarabulus. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya iso Gwandu a 1853, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano. Sai dai ba don neman sa'a aka karɓe ta ba. Hoton shaida ne cewa nauyinta na giram 28 ya cika, shi ya sa aka ci gaba da buga mata shekarar 1780 ko bayan rasuwar sarauniyar. A Habasha har duwatsun adon da ke kafaɗarta ake dubawa kafin a karɓa. Da kuɗin Bature suka kore ta daga kasuwa, sai ta koma hannun maƙeran fari, ta zama zobe da awarwaro.

A ganina kakanninmu sun fi dacewa, domin ɗora sa'a kan hoton dabba camfi ne, kuma ranar sayarwa maƙeri sikeli zai ɗauko. Duk wanda aka yi wa tallar irin wannan tsaba, a Maruda ne ko Kalgo ko Birnin Kebbi, ya fara kai wa maƙeri ya gwada kafin ya biya.