Ko Ka Sani? Sauron Kano da na Fatakwal jinsi ɗaya ne, amma kowanne da kayan gadonsa

Sauron da masana ke kira Anopheles gambiae, wanda yake kan gaba wajen yaɗa zazzaɓin maleriya a Afirka, yana rayuwa tun daga kurmin Neja Delta har zuwa bakin Sahel. A can kudu ruwan sama kan wuce milimita 2,000 a shekara, iska kuma jiƙe take dare da rana. A nan arewa rani kan ɗauki wata bakwai ko fiye, ga hunturu mai fasa leɓe. Ƙwaron da nauyinsa bai wuce 'yan miligiram ba, bushewa ce babbar abokiyar gabarsa, domin ruwan jikinsa kan ƙafe cikin 'yan sa'o'i. To, ta yaya jinsi ɗaya ya iya zama a wuraren nan biyu? Amsar tana cikin gado: kowane yanki ya tace sauronsa, har na arewa ya bambanta da na kudu a ƙwayoyin halitta.

Wanda ya fi kowa fito da wannan fili shi ne Mario Coluzzi, masani ɗan Italiya daga jami'ar Sapienza ta birnin Roma, a binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 1979 kan sauron Nijeriya. Sukan kama macen sauro da ta sha jini, su ciro jakar ƙwanta, su matse ta a kan gilashi, su duba da madubin hangen ƙananan halittu. A nan zaren gado, wato kuromosom, yakan fito da ratsi-ratsi a jere, har a iya karanta tsarinsa da ido. Sai suka ga a jikin wasu sauraye wani dogon yanki na kuromosom na biyu ya juya, kansa ya koma gindi. Wannan juyayyen yanki shi ake kira 2La. A kurmin kudu da ƙyar ake samun mai ɗauke da shi. Ana matsowa arewa yana ƙaruwa, har a busassun yankuna ya zama kusan kowane sauro yana da shi.

Amfanin juyin kuwa shi ne yana hana ƙwayoyin gadon da ke cikinsa cakuɗuwa da na takwaran zaren da bai juya ba lokacin da jiki ke samar da ƙwai da maniyyi. Kamar kayan miya ne da aka ƙulle a leda ɗaya: duk wanda ya gada, ƙullin gaba ɗaya yake ɗauka. Don haka ko da sauron kudu ya shigo arewa ya yi barbara, ƙwayoyin da ke taimakon jure bushewa ba sa warwatsewa.

Wani zai ce ai sabo ne kawai, duk abin da ya tashi a zafi zai jure zafi. Gwajin ɗakin bincike ya amsa wannan. An yi kiwon saurayen da ke da 2La da waɗanda ba su da shi a yanayi ɗaya, da abinci ɗaya, sannan aka sa su a busasshiyar iska, sai masu juyin suka fi daɗewa kafin su mutu. Tun da renonsu ɗaya, bambancin daga gado ya fito. Wani kuma zai ce wataƙila tarihi ne, sauron arewa daga wani kaka dabam ya fito, juyin ya biyo shi ba don yana da amfani ba. Amma an sake ganin tsarin nan a Kamaru, daga dazuzzukan kudu zuwa busasshiyar arewa, kuma a wurare da dama yawan masu 2La kan hau da rani ya sauka da damina. Abin da tarihi kaɗai ya kawo ba ya bin damina da rani shekara bayan shekara. Sai mai cewa to ai jinsi biyu ne ke nan. Gaskiya ne akwai saurayen da suka yi kama da juna amma jinsinsu dabam, har a 2013 aka ware ɗaya aka sa masa suna Anopheles coluzzii don tunawa da Coluzzi. Sai dai masu 2La da marasa shi suna barbara da juna ba shamaki, kuma a tsakiyar ƙasa an cika samun sauro mai juyayyen zare ɗaya da miƙaƙƙe ɗaya.

Wannan bambanci ya taɓa lafiyar mutane kai tsaye a Garki, da ke jihar Jigawa a yau. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban gwajin yaƙi da maleriya a ƙauyukan yankin, inda aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna. Sauro ya ragu ƙwarai, amma yaɗuwar cutar ba ta tsaya ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba duk sauro ke hutawa a cikin ɗaki bayan ya ci jini ba. Binciken kuromosom ya nuna masu lafewa a bango da masu fita waje sun bambanta a yawan juye-juyen da suke ɗauke da su, wato halin ma yana da nasaba da gado. Feshi ya kashe masu zaman ɗaki, 'yan waje suka tsira suka ci gaba da haihuwa.

Saboda haka, tsarin yaƙi da sauro da ya yi aiki a Bayelsa ba lallai ya yi daidai da Katsina ko Maraɗi ba. Ya kamata hukumomin lafiya su riƙa tallafa wa masana ƙwari a jami'o'inmu su san sauron kowane yanki, inda yake hutawa da lokacin da yake cizo, kafin a kashe kuɗi kan feshi.